Kafin Ki Hura Usur a Dapaong

Kpangalam, Sokodé

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Rakiya, mai sunan tsohuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya kai ki Dapaong lafiya, ya tsare mota da direbanta, ya sassauta zukatan masu tsaron shingayen hanya, na soja da na samari, ya sa ki sauka cikin mutanen kirki.

Uwata, zan sa wannan takarda a jakarki ƙarƙashin takalman gudu, don na san su za ki fara fitarwa. Kin san halina. A filin wasa, da usur a wuya, ina yi wa aji guda magana muryata ba ta rawa. A tsakar gida kuwa, da na fara sai mamanki ta karɓe, ke ki sunkuyar da kai, zance ya mutu. Shi ya sa na zauna na rubuta. Na rubuta da Hausa ko da yake da Faransanci za ki amsa wa sufeto, saboda ranar da uwar wata ɗaliba za ta tare ki a kasuwa ta ce me ya sami 'yarta a fili, da Hausa za ku yi ta.

Maganar ɗaya ce. Kina da fuka, wadda likitoci ke kira asma. Kin sani, na sani, mamanki ta sani. Makarantar da za ki yi sitaj ɗinki, wato gwajin aikin koyar da motsa jiki, ba ta sani ba. Likitan da ya duba ku ya ɗora abin saurarensa a bayanki bai ji komai ba, don ranar ƙirjinki a sake yake, ke kuma ba ki ce uffan ba. Idan direkta ya ji, yana iya cewa mai fuka ba ta riƙe usur, ya maido ki gida, karatun da kika yi ya tashi a banza. A wannan zamani da kowa ke neman hanyar ture wanda ba nasa ba, ba sai da babban dalili ba. Idan kuma ba wanda ya ji, ranar da ƙirjinki ya ƙulle a tsakiyar fili, mutanen da ke kewaye da ke za su yi miki abin da suka iya da zuciya ɗaya, kuma yawancin abin da suka iya wahala zai ƙara miki.

Shekaranjiya mamanki ta same ni a zaure.

"Malam, direktan nan ba tare kuka yi makaranta ba? Rubuta masa layi biyu mana."

"In ce masa me?"

"Ka ce yarinya ba ta da ƙirji. A karɓi usur a ba ta alli."

"Ai ba alli ta je nema ba."

"To in wannan ta faɗi sai ka nemo mini wata."

Zan faɗa miki abin da na yanke, amma sai na bi da ke ta hanyar da iska ke bi a jikin mutum, daga hanci har zuwa jini. Kin karanta shi a littafi, kin ci jarrabawarsa. Ni a fili na koye shi, kuma yawanci bayan na yi kuskure.

Aikina na farko a Adjengré ne. A lokacin akwai wata dabara da malaman motsa jiki ke gada daga junansu. Kafin gudu, kowane ɗalibi ya guntsi ruwa daga bokiti ya riƙe a baki, ya zaga fili, in ya dawo ya tofar a gaban malami. Wanda ya dawo baki a bushe sai ya sake zagawa. Wai haka ake koya wa yaro numfashi ta hanci. Haka aka yi mini, haka na yi wa nawa, ban taɓa tambayar dalili ba.

Dabarar tana da rabin gaskiya. Cikin hanci akwai gashi, akwai majina, akwai lunguna masu jini dab da fata. Iskar da ta bi ta nan tana tacewa, ta yi ɗumi, ta jiƙu kafin ta gangara ƙirji. Wadda ta bi ta baki tana isa da bushewarta da sanyinta yadda ta shigo. Sai dai ƙofar hanci ƙarama ce. Ta ishi mai zaune da mai tafiya. Mai gudu da gaske yana bukatar iska ninkin-ba-ninkin, dole baki ya buɗe ya taimaka, kuma ba malamin da ya isa ya hana.

Akwai wata doguwar ɗaliba, Esohana, wadda ta fi kowa sauri a ajin. Saurin ne ya jawo mata. A bayan baki hanya biyu ce a jere. Ta gaba ta iska ce, maƙogwaro ke nan, mai zobban guringuntsi da za ki ji in kin shafa wuyanki. Ta baya ta abinci ce. Akwai ɗan murfi da ke rufe ta iska duk sa'ad da mutum ya haɗiyi abu, shi ya sa ba a haɗiya da shaƙa lokaci guda. Ita jikinta ya nemi iska da ƙarfi, ta ja, ruwan bakinta ya bi hanyar da ba tasa ba. Ta durƙusa tana tari, ido ya yi ja, ajin ya tsaya cik. Tarin ne ya fitar da ruwan, ni dai ina tsaye. Da murya ta dawo mata ta dube ni, ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, ta ce, "Mushe, wai mu mutane ne ko kwaɗi?"

Yara suka fashe da dariya. Na kifar da bokitin, ban ƙara ɗaukarsa ba.

Saboda haka ki bar ɗalibanki su buɗe baki in gudu ya yi gudu. Kada kowa ya shiga fili da abu a baki, ko gyaɗa, ko alewa, ko ɗan goro. Wanda ya ƙware yana tari, ki bar shi ya yi tarinsa, kada ki ba shi ruwa. Wanda ya kasa tari ya kasa magana, shi ne na gaggawa: ki sunkuyar da shi ki bugi tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu. Ke kanki kuma, ki riƙe hancinki da daraja. Iskar Dapaong ta fi ta nan bushewa, busasshiyar iska kuwa ita ce ke fara tsokanar ƙirjinki. Ki fara kowace safiya a hankali, baki a rufe, har jiki ya ɗauki zafi.

Kin tuna huhun ragon layya, kina 'yar firamare? Na roƙi mahauci ya cire mini shi da maƙogwaronsa, na zura karan ganyen gwanda a ciki na ɗaure, na hura. Huhun ya tashi ya yi jajir, na saki ya lanƙwashe. Mamanki na faɗa wai ina wasa da nama. Ke kika ce, "Baba, to namu wa ke hura shi?" Ba wanda ke hura shi. Huhu ba shi da ƙarfin kansa, jawo shi ake yi. A ƙarƙashinsa akwai wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki, a kife kamar ƙwarya, shi ne littafinku ke kira diyafaram. In ya ɗaure sai ya sauka, naman tsakanin haƙarƙari ya ɗaga su, ƙirji ya yi faɗi, iska ta faɗa ciki da kanta. In sun saki, huhu ya koma yadda yake, iska ta fita. Sa'ad da naman nan ke sauka yana tura kayan ciki gaba, don haka cikin mai numfashi mai kyau yake tasowa. Dubi jariri yana barci za ki gani.

Na san wannan sarai, amma na manta shi ranar da ya kamata in tuna. Ku 'yan yanzu kuna jin labarin animasiyo kuna dariya. Zamanin jam'iyya ɗaya, duk lokacin da babban baƙo zai zo gari, sai a kwashi 'yan makaranta a jera su a sitad, babban filin wasan gari, da atamfa iri ɗaya, su yi ta rawa suna waƙar yabo tun hantsi har sa'ad da baƙon ya ga dama ya iso. Malamin motsa jiki ne ke horar da su, ba a tambayar ra'ayinsa. Ni ina son layi ya miƙe, zane kada ya zame, sai na sa 'yan matan su ɗaure gyale tamau a saman cibiya. Daga nesa abin ya yi kyau ƙwarai.

Wanda aka ɗaure wa ciki ba ya iya sauke naman nan yadda ya kamata. Sai ya koma numfashi da saman ƙirji, gajere-gajere, da sauri. Gajeren numfashi kuwa asara ne. Iskar da ta tsaya a maƙogwaro da manyan rassansa ba ta haɗuwa da jini. Baƙo ne da ya tsaya a zaure ya juya, bai shiga cikin gida ba. Ga rawa, ga waƙa da ke hana mutum fitar da iska lokacin da yake so, ga rana, ga sojoji a tsaye da bindigogi suna kallo.

Wata a layin gaba ta zauna daɓas tana haki, leɓɓanta na rawa, yatsunta sun ƙandare kamar ƙafar kaza. Ta kusa da ita ta gani, ita ma ta fara. Matan da ke kallo suka ce iska ce ta hau su. Abokin aikina Mushe Tchédré, Kotokoli ne, da irin Hausarsa ya ce, "Malam, yarinya ya tafi, kawo ruwa." Ni na tsaya a kanta ina cewa ta ja numfashi, ta ja da ƙarfi, ta ƙara. Tana bin umarnina, yatsun na ƙara ƙandarewa. Sai da aka ɗauke su aka kai inuwa, nesa da ni da jama'a, suka dawo daidai da kansu.

Bayan shekaru, a wani kwas da aka tura mu Lomé, malamin ilimin jiki ya yi bayanin da ya sa na gane abin da na yi. Maƙogwaro yana rabuwa biyu, reshe ɗaya ga kowane huhu, kowane reshe ya yi ta rabuwa har su zama siraran da ba su kai tsinken tsintsiya ba. A ƙarshensu akwai 'yan jakunkuna a cure kamar kumfar sabulu, fatarsu ba ta da kauri ko kaɗan, jijiyoyin jini da suka fi gashi siranta sun nannaɗe su. A nan ake musayar. Oksijin ya tsallaka cikin jini ya tafi ga naman jiki, iskar karbon da naman ya zubar ta tsallako ta fita. Abin da ban riƙe ba shi ne, abin da ya fi tura mutum ya yi numfashi taruwar karbon ce a jini. Akwai wani wuri a gindin ƙwaƙwalwa da ke ɗanɗana jini kullum. In karbon ta yi yawa, sai ya ba da umarni a ƙara numfashi. Mai gudu namansa na ƙona abinci da yawa, karbon na yawa, numfashi na ƙaruwa daidai da bukata, ba sai an gaya masa ba. Amma wadda tsoro ya kama tana haki a zaune, tana zubar da karbon fiye da kima. Jijiyoyin kai su tsuke, jiri ya zo, leɓe da yatsu su yi tsami su ƙandare. Iska ta yi mata yawa ne, ni kuma ina ta ƙara mata.

Za ki gamu da wannan, musamman yanzu da yara ke zuwa makaranta da abin da suka gani a titi. Ki kwance abin da ya ɗaure cikin ɗalibar, ki janye ta daga taro, ki rage murya. Ki ɗora hannunta a kan cikinki ki ce ta bi naki, fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Wanda ke son yi mata addu'a ya yi, daga gefe. Kuma kada ki yarda a ɗaure wa ɗaliba ciki don ado, ko wa ya ba da umarnin.

Na tsaya a kan wannan ne saboda daga nesa ya yi kama da naki, alhali ba shi ba ne. Wanda bai san kina da fuka ba, in ya gan ki kina haki, zai dafa kafaɗarki ya ce ki kwantar da hankali. Hankalinki a kwance yake. Hanyar iska ce ta tsuke.

Kina ajin ƙarshe na firamare na fara fita da ke gudu a jan titin bayan unguwa. Kina gudun lafiya lau. Sai mun tsaya, mun kama hanyar gida, tari ya zo. Na ce da gudun ne ya dame ki, ai a cikinsa za ki yi tarin, wannan dai dabarar guje wa gobe ce. Ashe haka fuka take yi wa mai gudu, takan jira a tsaya. Wata rana bayan la'asar ƙirjinki ya ƙulle gaba ɗaya. Na kwantar da ke a tabarma rigingine, yadda ake yi wa wanda ya suma. Gwaggonki Asabe ta kawo kasko da turare ta rufe taga, wai ya buɗe ƙirji. Kina ta yunƙurin tashi, ina ta maida ke. Da guntuwar murya kika ce, "Baba... bar ni... in zauna." Jikinki ya san abin da yake bukata. A asibiti abin da aka fara yi shi ne zaunar da ke, aka buɗe tagogi.

Ga abin da ke faruwa, ki riƙe shi yadda za ki iya faɗa wa wani a taƙaice. Manyan rassa suna da guringuntsi da ke riƙe su a buɗe. Ƙananan ba su da shi, zoben nama ne kawai da laushin fata a ciki. A ƙirjin mai fuka ƙananan nan masu saurin fushi ne. Hayaƙi, ko mura, ko busasshiyar iska ta taɓa su, sai zoben ya matse, fatar ta kumbura, majina ta taru. In kin shaƙa, ƙirji na buɗewa yana jan su, iska ta samu ta shiga. In za ki fitar, sai su ƙara tsukewa, iska ta maƙale a ciki. Shi ya sa fitar da ita ya fi miki wuya, shi ya sa ake jin fito a ƙirjinki. Tsohuwar iska ta cika wuri, sabuwa ba ta da inda za ta zauna. In aka kwantar da ke, kayan ciki su danno naman da ke son sauka. In kin zauna kin karkata gaba, gwiwar hannu a kan cinya, naman kafaɗa da na wuya su shigo su taimaka. Turaren Gwaggo kuwa, Allah ya saka mata da niyyarta, hayaƙi ne.

Maganin shaƙarki, wanda muke kira famfo a gida, aikinsa sakin zoben naman nan. Ya zauna a aljihun wandon wasanki. In yana ɗakin malamai ko cikin jaka a gida, daidai yake da babu. Ki shaƙa kafin darasi mai nauyi yadda likita ya ce. Ki girgiza shi, ki fitar da iska tukuna, ki danna daidai lokacin da kika fara ja a hankali, ki riƙe kaɗan. Na sha ganinki kina fesawa da gaggawa don kada a gani, rabi ya tsaya a harshe. Kada ki jira ya ƙare kafin ki nemi wani, don in an rufe hanyar kudu magani ba ya hawowa, kuma ba a san ranar da asibiti za ta shiga yajin aiki ba. Ki kwana a gidan sauro, ki bar maganin sauro na ƙonawa. Kada ki yi girki da ɗanyen itace a rufaffen ɗaki. Kuma ki san alamun da ba a jira da su: in kin kasa ƙarasa magana ɗaya da numfashi ɗaya, in famfo bai yi aiki ba, in leɓe ya yi toka-toka, ko fiton ya ɗauke alhali kina ta fama. Shirun nan ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina wucewa. Sai asibiti, da ko wane abin hawa aka samu.

Ban faɗi wannan don in karya miki gwiwa ba. Na horar da ɗalibai da yawa, kaɗan ne suka kai ki. Mutane na cewa gudu na ƙara girman huhu. Abin da ke ƙarfi da horo shi ne naman numfashi, da zuciya, da yadda naman ƙafa ke cin oksijin ɗin da aka kawo masa, kuma duk waɗannan naki sun fi na masu lafiyayyen ƙirji da yawa. Mai fuka da ta san ƙirjinta tana iya wannan aiki. Ina ma ganin za ki fi mu, don ke za ki ji tarin yaro bayan gudu ki gane shi.

Kuskure na baya-bayan nan bara ne, kafin in ajiye aiki. Manyan ɗalibai sun fita zanga-zanga, ni ina fili da ƙananan aji. Jandarmomi suka harba barkonon tsohuwa a mahaɗar titi, iska ta kwaso shi ta tsallako katanga. Na hura usur na ce a gudu. Duk rayuwata in an ce haɗari amsata gudu ce. Na kai su bayan makaranta, gangaren rafi, daidai inda iskar ta nufa. Hayaƙin nan ya fi son kwari, ya bi mu ya zauna a kanmu, yara kuma baki a buɗe suna jan sa har ƙasan huhu saboda gudun. 'Yan kaɗan da suka ƙi bina suka haye benen ajin kimiyya, hawaye kawai suka yi. Nawa sun yi ta amai da tari a bakin ruwa. Allah ya tsare, ba mai irin ƙirjinki a cikinsu. Da yamma Mushe Tchédré ya ce, "Malam, ka kai yara tsere da hayaƙi, hayaƙi ya zo na ɗaya."

In hakan ta same ki da ɗalibai, ki dubi tuta ko ganyen bishiya ki ga inda iska ta nufa. Ki yanke ta gefe, kada ki bi ta. Ki nemi tudu. Tafiya da sauri, ba tsere ba, baki a rufe, tsumma a hanci. Za ki ji ana cewa a shafa man kaɗanya a fuska. Kada ki yarda, mai yana riƙe abin a fata. Ruwa mai yawa, da canza tufafi. Hayaƙin tayar da ake ƙonawa a shingaye ma ki yi nesa da shi.

Ban hana ki ra'ayinki ba. Kina son canji, ni ma na gaji da jera 'ya'yan mutane a rana. Amma abokanki da za su ce ki fito, da ƙirjinsu za su fita, ke da naki. Abin da zai sa su hawaye na yini ɗaya, ke yana iya rufe miki hanya gaba ɗaya. Ki taimaka ta inda ba hayaƙi. A ɗakin malamai kuma in an tambaye ki ke ta wane ɓangare ce, ki ce ke sabuwa ce, kin zo koyon aiki.

Yanzu ga abin da na yanke. Ban rubuta wa direkta ba, ba kuma zan rubuta ba. Ƙirjin naki ne, aikin naki ne, kin kuma girma. Na gaya wa mamanki haka yau da safe, ta yini ba ta yi mini magana ba.

Amma ba zan yarda ki tsaya a fili kowace safiya ba mutum ɗaya da ya san abin da zai yi ba. Takardar turawarki ta ce za a danƙa ki hannun wata malama, Madam Damigu. Ita ce za ta riƙa tsayawa kusa da ke. Ban san ta ba. Ban san ko za ta riƙe maganar ko za ta kai ofis ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce ba kasada a ciki. Kin taɓa ce mini, "Baba, in na faɗa, daga ranar ba za a ƙara ganina ba, fuka za a riƙa gani." Mai yiwuwa ne. Don haka ki bari ta ga gudunki tukuna, ta ga yadda kike riƙe aji. Sa'an nan, kafin makon farko ya fita, ki same ta ita kaɗai ki faɗa mata da bakinki. Ki nuna mata aljihun da famfo yake. Ki ce in abin ya zo a zaunar da ke, kada a kwantar, kada a zuba miki ruwa, kada a kawo turare, a kori taro. Ki gaya mata alamun asibiti. In ta maido ki gida, ƙofar nan a buɗe take, za mu sake neman wata hanya, kina numfashi.

Kawunki Sale zai sauko da albasa daga can a ƙarshen wata, na ce ya biya ta wurinki. Ba sai kin rubuta komai ba. Ki ce masa "na faɗa" ko "ban faɗa ba", bai san kan zancen ba, ba kuma zai tambaya ba. In ya kawo mini ta biyun, zan hau motarsa in zo. Ba ofis zan shiga ba. Zan nemi kujera a inuwar bakin fili, da hulata da carbina da famfo a aljihu, in zauna kowace safiya har ki gama sitaj. Duk wanda ya tambaya in ce ni ne baban sabuwar malama, na zo kallo. Na ajiye aiki, ba ni da abin yi, kin kuma san zan iya. Da mamanki ta ji haka ne ta buɗe baki, ta ce in dai haka ne ita ma za ta zo da kwanon tuwo.

Ki zaɓa, Uwata.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki gaishe da masu masaukinki, ki girmama su kamar mu. Mamanki na gaishe ki, Gwaggo Asabe ma, da ƙannenki duka. Allah ya buɗe miki ƙirji, ya sanyaya ƙasar nan, ya tsare ki daga hayaƙi da harsashi da mugun baki, ya tsare 'ya'yan mutane da za a ba ki amana. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Malam Idi.